Ayabar da Baba Ya Ware

Ranar da aka yaye ɗaliban cibiyar koyon sana'a ta mata da ke Tarauni, Jummai ce kaɗai ta kawo abin da babu wanda ya san sunansa. Sauran 'yan mata sun jera cincin da dubulan da kek mai ado, ita kuwa wani faffaɗan kwano ta ajiye a ƙarshen tebur, samansa ya yi ja, gefensa yana naso da bota.

Shekara uku ke nan da sojoji suka koma bariki, 'yan siyasa na ta buɗe cibiyoyi irin wannan, kuma kowane biki sai an shayar da mutane jawabi har su ƙoshi. Ana tsakiyar jawabi na huɗu wani saurayi mai rungume da fayil ya sulale daga layin manyan baƙi. Hancinsa ne ya jawo shi har gaban kwanon.

"Malama, wannan fa? Kek ne, ko fanke ne ya yi hatsari?"

Jummai ta ɗago, ta yi saurin mayar da kai ƙasa. "Kobla ce, Yallaɓai. Ta ayaba."

"Kobla." Ya maimaita a hankali. "To a ba ni in ɗanɗana, don in san abin da zan rubuta wa gwamnati."

Sunansa Inuwa, ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, an turo shi rubuta sunayen waɗanda aka yaye. Cokali ɗaya ya roƙa, amma sai da ya cinye kusurwa guda, yana lumshe ido ba ko kunya. Da ya gama ya nemi lambar wayarta. Ta ce ba ta da waya, kuma gaskiya ta faɗa, don a lokacin salula ba ta kowa ba ce.

"Ni ina da ita," in ji wata murya daga bayanta.

Omolara ce, ƙawarta, wadda gidan haya ɗaya suke a Gyadi-Gyadi. Tana da tebur da lema a bakin titi inda ake biya a yi kira. Mahaifiyarta, wadda kowa ke ce wa Mama Lara, ita ta koya wa Jummai kobla, ita ma ta koyo ne a wani gidan da ta yi aikin girki a Ikko. Kafin Jummai ta harare ta, Omolara ta riga ta karanto lambar sau biyu.

Washegari da hantsi saƙon farko ya shigo. Omolara ta tsaya a tsakar gida ta karanta shi da ƙarfi, har da dafa ƙirji:

"Assalamu alaikum mai kobla. Na rubuta sunayen mutum arba'in jiya, ɗaya kawai na haddace. A ba ni izini in zo in gaishe ki. Inuwa."

Jummai ta fizge wayar ta shige ɗaki, ta karanta shi ita kaɗai har sai da batir ya fara ƙara.

Ya fara zuwa zance bayan la'asar, a tsohuwar Fijon da mahaifinsa ya rasu ya bari. Ita ta zaɓa masa lokacin. Yana ce mata Jummalo, ita kuma ta liƙe wa Yallaɓai don ta ga yana ba shi haushi. A zuwansa na biyu ya yi tambayar da kowane saurayi mai niyyar kirki yake yi.

"Baba fa, wace sana'a yake yi? Ban taɓa katarin samunsa ba."

Jummai ta dubi shaddarsa mai sheƙi, ta dubi motar da yara suka zagaye.

"Harkar kayan marmari yake yi," ta ce. "A 'Yan Lemo yake sari."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar. Malam Ɗanladi a kasuwar 'Yan Lemo yake sarin ayaba kullum da safe, ya loda a baro, ya turo har gindin wata darbejiya kusa da shataletalen Gyadi-Gyadi, ya wuni yana korar ƙuda. Amma Inuwa ya ɗauka irin dilolin nan ne masu sauke mota guda. Ta ga ya ɗauka, ta bar shi a haka. Shi ya sa ma ta zaɓi bayan la'asar, don ta san Baba ba ya tashi sai ana kiran magariba.

Abin takaicin shi ne, koblar da ta jawo mata Inuwa daga baron nan take fitowa. Kobla ba ta son ayaba mai kyan gani, sai wadda ta nuna lugub har ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, irin wadda masu saye ke turewa. Kullum Baba sai ya ware mata su a leda daban, ya shigo yana cewa, "Uwata, ga kayan aikinki." Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran ta Jummai ba.

Wata Laraba Inuwa ya rage musu hanya ita da Omolara daga gidan suna. Suna zaune a baya, yana ba su labarin yadda ya cika wa mahaifiyarsa, Hajiya Saratu, kunne da zancen kobla har ta ce a kawo mata ta gani. Sai kawai ya sa sigina, ya gangara gefen titi.

"Bari in saya miki ayabar da kaina, Jummalo."

Jummai ta leƙa ta taga. Darbejiyar ce. Baron ne.

"Kai, mai ayaba!" Inuwa ya danna hon, ya leƙa ta taga. "Zo da wancan nonon, mai kyan."

Malam Ɗanladi ya taso da sauri, ayaba a hannu, hularsa ta jiƙe da gumi. Ya sunkuyo wajen tagar, idonsa ya sauka a kujerar baya. Jummai ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf. Amma kafin mayafin ya sauka, sun haɗa ido.

Omolara ta buɗe baki za ta gaishe shi, Jummai ta mintsine ta a cinya.

Inuwa bai lura da komai ba. Ya shiga ciniki yadda 'yan Kano ke yi, yana cewa ayabar ta yi tsada, yana cewa ko da zinari aka yi mata taki. Ya ƙara da cewa gasawa za a yi, ga mai gashin nan a baya.

Malam Ɗanladi ya dubi ayabar da ke hannunsa. "In ta gashi ce, Alhaji, ba wannan ba." Ya koma gindin baron, ya ɗauko ledar da ya ware, ya miƙo. "Wannan ta fi zaƙi. Hajiyar za ta gane."

Hajiyar. Haka ya kira ta.

Inuwa ya miƙa masa kuɗi ta taga, hannunsa na dama yana kan sitiyari, ya ja mota yana dariya, yana cewa tsohon nan ya san sana'arsa.  Da suka sauka a gida ne Omolara ta dubi Jummai ta ce, "Ban taɓa sanin haka kike ba," ta shige ɗakinsu.

Jummai ta jira faɗa da magariba, ba a yi ba. Baba ya jingine baronsa, ya yi alwala, ya ci tuwo, ya tambayi Inna, mahaifiyar Jummai, ko an kawo wuta. Da ma duka ya yi mata, da ta fi jin sauƙi.

Da safe ta haɗa koblar Hajiya Saratu. Ba su da na'urar gashi ta zamani, a tukunyar yashi take gashi. Ta zuba yashi a gindin babbar tukunya ta ɗora a gawayi ya ɗauki zafi. Ta narkar da bota a kwanon gashi. Ta kwaɓa fulawa da sukari da madara da hodar da ke sa kwaɓi tashi, da ɗan gishiri da garin kirfa, ta zuba a kan botar ba ta juya ba, don Mama Lara ta ce duk wanda ya juya ya ɓata. Sannan ta ɓare ayabar. Kowace ta ɗauka sai ta ga hannun da ya miƙo ta ta taga. Ta yanka, ta jera a sama, ta sa kwanon a kan yashi, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin.

Baba ya fito zai tafi sari. Ya tsaya a kanta, ya shaƙi ƙamshin.

"Uwata, wutar sama ta yi yawa. Rage, kada ta ƙone miki."

Ya tura baronsa ya fita. Ta rage garwashin, hawaye na ɗiga a kan murfin yana cewa cuu.

Koblar ta yi kyau fiye da kullum. Hajiya Saratu ta ci, ta ƙara, ta ce yarinyar da ta iya wannan a tukunyar yashi ba raguwa ba ce. Da ma can Zainab take so wa ɗanta, 'yar ƙanwarta da ke jami'a, wadda ke zuwa gidan duk Juma'a tana yi wa Inuwa kallon kayan da aka riga aka biya. Amma ta sassauto, ta tura wanta Kawu Lawan ya yi binciken asali kamar yadda aka saba.

Bincike bai ɗauki wuni guda ba. Duk wanda aka tambaya a Gyadi-Gyadi sai ya nuna darbejiya.

Ranar Litinin Omolara ta shigo ta miƙa mata wayar, ba karatu da ƙarfi, ba tsokana.

"Jummai, mutumin da na danna wa hon ranar Laraba, na ce masa kai, na yi ciniki da shi, na miƙa masa kuɗi da hagu ina zaune a mota, mahaifinki ne? Kina baya kina kallona? Me na yi miki?"

Ta rubuta amsa ta goge ya fi sau goma. A ƙarshe kalma biyu ta tura: "Shi ne."

Daga nan ɗif. Mako guda, mako biyu, Fijo ba ta ƙara shigowa layin ba. Jummai ta yanke wa kanta hukunci cewa baron ne ya kore shi, kamar yadda ta ji tsoro tun farko. Har labari ya zo mata cewa an ga Zainab a gaban motar. Ta rame, ta daina gashi. Ledar ayaba kuwa ba ta fasa zuwa ba, kullum Baba sai ya ajiye a bakin ƙofa, Inna ta rarraba wa maƙwabta.

Omolara ce ta gaji, ta kira Inuwa da kanta, ta dawo ta tsaya a kan Jummai riƙe da ƙugu.

"Ke dai ba ki da wayo. Ba baro ya kore shi ba. Mutumin ko titin shataletale ya daina bi, ta Hotoro yake zagayawa ya je ofis, don kunyar haɗa ido da Baba. Ya ce da wane ido zai je neman aure wajen mutumin da ya kira da hon? Hajiyarsa kuma cewa ta yi ita ba ruwanta da baro, ubanta ma da jaki ya yi fatauci. Ta ce yarinyar da za ta rufe fuska don kada a san ubanta, ba ta san ranar da za ta rufe wa Inuwa ba."

Maganar ta shige ta har ƙashi, don babu inda za ta kama ta ce an zalunce ta.

Da yamma Baba ya dawo yana wanke ƙafa a bakin rariya, ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

"Me kika yi, Uwata?"

"Ka sani, Baba. Don Allah kada ka sa in faɗa." Sai kuma ta faɗa da kanta. "Na ji kunyarka. Na ɓoye ka."

Ya ajiye butar. Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa masu faso.

"Na ga kin rufe fuska, sai na ce bari in taya ki, kada in ɓata miki abin da kike gyarawa." Ya yi ɗan murmushi. "Shekara ashirin da biyu ina tura baron nan. Ban taɓa jin nauyinsa ba sai ranar, da zan dawo gida."

Jummai ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun tana firamare. Ya ce ya yafe tun a bakin titin, ta tashi kada Inna ta ɗauka mutuwa aka yi.

Yafiya ta samu, amma kunyar ba ta sake ta ba. Washegari ta hura gawayi, ta gasa kobla kwano biyu, ta yayyanka, ta ɗora a faranti, ta nufi darbejiya da azahar tsaka. Baba ya ce ta koma gida, rana ta yi zafi. Ta ce ai shi ma ranar ce take dukansa. Ta ajiye farantin a gefen baron, ta zauna a kan bencinsa. Duk wanda ya tsaya sayen ayaba sai ya tambayi abin da ke ƙamshi, ita kuma sai ta ce, "Kobla ce, da ayabar babana na yi."

Ranar farko kamar ƙasa ta tsage ta shige, musamman da wasu 'yan ajinsu na sakandare suka wuce suna zunɗe. Rana ta uku ta fara ɗaga murya. Rana ta biyar ta ari wayar Omolara:

"Yallaɓai, ban ce ka dawo ba, ban cancanta ba. Laifin nawa ne ni kaɗai, kai ba ka sani ba. Ina gindin darbejiya kullum daga azahar zuwa la'asar tare da mahaifina, Malam Ɗanladi. Ko ba ka zo don ni ba, ka daina zagayawa ta Hotoro, Baba bai riƙe ka ba."

Amsa ba ta zo ba. Amma ranar Asabar Fijo ta tsaya can nesa da baron, ba hon. Wata dattijuwa mai farin gilashi ta fito, ta tako a hankali, ta tsaya tana duba ayaba kamar mai saye.

"Ke ce mai kobla?"

Jummai ta gane ta tun daga kamannin hanci. Ta zame daga benci ta durƙusa.

"Ni ce, Hajiya. Wannan kuma mahaifina ne. Shi ne wanda na ɓoye."

Hajiya Saratu ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi farantin, ta dubi masu wucewa. "Kwana nawa kina zama a nan?"

"Yau shida."

"Don a gaya mini?"

"Don na kasa zama a gida, Hajiya."

Hajiya ta gyara gilashinta. Ta juya ta gaisa da Malam Ɗanladi a mutunce, ta tambayi kasuwa, ta tambayi iyali. Sannan ta waiga wajen motar ta ɗaga murya. "Kai kuma sai an fito da kai da igiya?"

Inuwa ya fito kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Tun daga nesa ya tuɓe takalmansa, ya tako kwaltar azahar da safa, ya zo gaban baron ya tsuguna har ƙasa, kansa a sunkuye. 'Yan acaɓa suka rage gudu suna kallo.

"Baba, na yi rashin ɗa'a. Wallahi ban sani ba."

"Subhanallahi, tashi, tashi, kwaltar nan da zafi!" Malam Ɗanladi ya rikice, ya rasa inda zai sa hannunsa. "Ai ciniki ka yi, ɗana, ba zagi ba. Kuma ka iya. Na ce a raina, wannan ba za a cuci iyalinsa a kasuwa ba."

Hajiya Saratu ta yi dariya har ta cire gilashi. Inuwa ya saci kallon Jummai, idonsa ya yi ja.

"Jummalo," ya ce ƙasa-ƙasa, "kin rame."

"Kai ma, Yallaɓai."

"Ku yi mana shiru a gaban manya," in ji Hajiya. "Malam, ranar Juma'a wana zai zo gida, in an ba mu izini."

Bayan sallar layya aka sa rana. Zainab ta yi fushin wata guda, daga baya ita ta zaɓo ankon biki.

Saura mako uku Inuwa ya kawo samfurin katin ɗaurin aure daga wurin masu bugawa. Kawu Lawan ne ya tsara shi, kuma ya yi abin da ake yi a kati, inda kowa ke zama babban mutum. An rubuta iyalan marigayi Alhaji wane, da na Alhaji Ɗanladi Gyadi-Gyadi. Jummai ta karɓi biron da ke aljihun Inuwa, ta soke, ta rubuta wani abu a sama.

"Kin tabbata?" ya tambaya.

"In ba haka ba, kada a buga."

Da katunan suka fito ta kai wa Baba ɗaya. Ya jujjuya shi, ya yaba ruwan zinarin, ya miƙo mata, don shi da ajami yake karatu.

"Karanta mini, Uwata."

Ta karanta har ta zo wurin. "Da iyalan Malam Ɗanladi Mai Ayaba, Gindin Darbejiya, Gyadi-Gyadi."

Ya ɗago kai. "A haka za a raba wa mutanen sakatariya?"

"A haka, Baba. Har da ciyaman."

"Sake karanta wurin."

Ta sake. Ya karɓi katin ya sa a aljihun gaba, ya ce bari ya je masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure a ƙofar gidan hayar. Layin ya cika da ma'aikatan ƙaramar hukuma da 'yan kasuwar 'Yan Lemo da masu baro, kowa da katinsa a hannu. Mama Lara da Omolara sun gasa kobla kwano goma sha biyu, ba a bar ko ƙanzo ba.

Da la'asar, kafin a tafi da amarya gidan mijinta a Tarauni, aka kai ta gaban mahaifinta, Inuwa na tsugune a bakin ƙofa. Malam Ɗanladi ya ɗora hannu a kanta. An zaci doguwar nasiha zai yi, sai ya yi gyaran murya sau biyu.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya. Ke kuma, Uwata, Allah ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki abin da kika yi mini."

Ɗakin ya yi tsit. Jummai ta ɗago ta dube shi.

"Na ƙarshen nake nufi," ya ce, muryarsa ta karye. "Na farkon na manta shi."

Duk ɗakin aka ce amin, amma ta Jummai ba ta fito ba sai a karo na uku.